Shin kallon waya na canza halin yaro? Amsa ga wata uwa mai 'ya'ya uku

Wata uwa ta aiko da wannan tambaya: "Autana shekararsa huɗu, ba ya cin abinci sai an kunna masa katun, in aka karɓe wayar sai ya faɗi yana birgima har da buga kai a ƙasa. Yayarsa 'yar shekara tara da can mai surutu ce, yanzu sai a kira ta sau uku ba ta amsa ba. Babban, ɗan shekara goma sha huɗu, daga makaranta sai ɗaki, ko gaida baƙi sai an tilasta masa. Babansu ya ce a ƙwace wayoyin a zane su. Shin waya na canza halin yaro? Za su dawo yadda suke?"

Hajiya, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Aikina ke nan, zama da iyaye da 'ya'yansu a kan abin da ya shafi girman yaro da ɗabi'arsa, kuma wannan kuka naki yana cikin waɗanda na fi ji a 'yan shekarun nan. Ki kwantar da hankalinki, ba a gidanki aka fara ba. Amsar a taƙaice ita ce e, yawan kallo yana taɓa ɗabi'ar yaro da zamansa da mutanen gida, kuma mafi yawan abin da kika lissafa yana gyaruwa. Sai dai ina so ki gane ta inda ɓarnar ke shigowa, domin wanda bai san ta inda ɗaki ke yoyo ba, kwasar ruwa zai yi ta yi har damina ta wuce.

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun 1956 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a birnin New York, Alexander Thomas da Stella Chess, suka fara bin yara fiye da ɗari tun suna jarirai har suka girma. Sun ga kowane jariri da irin zubin da yake zuwa da shi. Kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kusan kashi 10 masu rigima da saurin tunzura, kusan kashi 15 kuma masu ɗari-ɗari, sai a hankali suke sakin jiki. Ke da kika goya uku kin san ba ɗaya suke ba tun suna tsumma. Wannan zubin waya ba ta kankare shi. Amma akwai kaso mai girma na abin da muke kira halin mutum wanda ba a haihuwar yaro da shi: haƙuri, iya jira, kunya, tausayi, gane lokacin da fuskar uwa ta canza, iya zama cikin mutane a yi hira da kai. Waɗannan koyonsu ake yi, kuma da maimaici ake koyonsu, sau dubbai, a gaban mutum mai rai da zai amsa maka. Ɗan shekara huɗu yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, abin da ya rage masa ido biyu bai fi awa goma sha ɗaya zuwa sha huɗu ba. In awa huɗu suka tafi a kallo, sulusin wuninsa ke nan ya wuce bai dubi fuskar kowa ba, bai yi gardama da yayarsa a kan abin wasa an raba su ba, bai jira an gama zuba wa wani abinci kafin a zo kansa ba. Babbar ɓarnar ita ce abin da kallon ya ture ya zauna a gurbinsa.

Bari in fara da autan, don shi ya fi damuna, kuma shi zai fi saurin gyaruwa.

A 2003 wata masaniya a Jami'ar Washington da ke Seattle, Patricia Kuhl, ta yi gwaji da jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka riƙa kawo musu masu jin Sinanci suna zama da su a ƙasa, suna musu wasa da karatu, har zama goma sha biyu. Wasu kuma aka nuna musu waɗannan mutanen dai, suna irin maganganun nan, amma a talabijin. Da aka gwada su daga baya, waɗanda suka zauna da mutane sun iya bambance sautukan Sinanci kamar jariran da suka tashi a cikin harshen. Waɗanda suka kalla a talabijin kuwa kamar ba su taɓa ji ba. Ina yawan ba iyaye wannan labari saboda maganar da nake ji kullum: "Ai katun ɗin Turanci yake koya masa." Yaro zai iya haddace waƙar baƙaƙe da ƙirgen ɗaya zuwa goma ya riƙa rerawa kamar aku, amma ki ce masa "je ka ɗauko mini takalmina a bayan ƙofa" ya tsaya yana kallonki. Magana ba-ni-in-ba-ka ce. Ya faɗa, ki amsa, ya dubi fuskarki, ya gyara, ya sake faɗa. Katun ba ya jira yaro ya amsa, ba ya kuma sanin ko ya gane.

A 2024 mujallar JAMA Pediatrics ta buga wani bincike daga Ostireliya, inda aka saka wa yara daga iyalai 220 wata 'yar na'urar naɗar sauti a jikin riga, tana ƙirga maganar da ke kai-komo a gidan. A shekara uku yaran na shafe kusan awa uku a wuni suna kallo, kuma kowane minti ɗaya na kallo yana tafiya da kalmomin manya kusan bakwai da yaron bai ji ba. In kika tara, kalmomi fiye da dubu ke nan a rana ɗaya. A Japan ma, a wani bincike da aka buga a 2023, an bi iyaye mata 7,097 da 'ya'yansu, aka ga yaran da ke kallon awa huɗu ko fiye tun suna shekara ɗaya sun fi sauran samun jinkirin magana a shekara biyu da shekara huɗu.

Ki tuna yadda aka rene mu. Yaro na goye a baya, uwa na tankaɗe tana hira da matan gida, kaka ta karɓe shi tana masa tawai, yayye na ɗaukarsa hannu-hannu, mai talla ta shigo ta tsokane shi. Babu wanda ya kira wannan darasi, amma kunnen yaron a cike yake da magana daga safe har dare. Yanzu da yawanmu gidan haya muke, daga ke sai yara, ga girki, ga wanki, wata ga aikin ofis ko sana'a. Uwar da ta miƙa wa yaro waya don ta samu ta sauke tukunya ba mutuniyar banza ba ce, hannuwan da ke taya reno ne suka ragu. Ban ga laifinki ba, kuma ba na so ki kwana kina zargin kanki.

Sai maganar birgima. Ƙaramin yaro ba ya iya kwantar wa kansa da hankali, aron hankalin uwa yake yi. Ransa ya ɓaci, ki ɗauke shi, ki bubbuga bayansa, ki ce "na san ka ji haushi, yi haƙuri," numfashinsa ya bi naki ya sauka. Yau haka, gobe haka, har wata rana ya iya yi wa kansa. In duk sanda ya fara kuka aka toshe bakin kukan da waya, kukan ya tsaya amma koyon bai faru ba. Likitar yara Jenny Radesky da abokan aikinta a Jami'ar Michigan sun bi yara 422 'yan shekara uku zuwa biyar, suka ga waɗanda aka fi lallashinsu da waya sun fi saurin tunzura daga baya, musamman maza da waɗanda dama masu zafi ne. Wani bincike a Kanada da aka buga a 2024 ya nuna abin zagaye yake yi: yawan kallo a shekara uku da rabi na tafiya da ƙarin fushi a shekara huɗu da rabi, yaron da ya fi fushi kuma shi aka fi miƙa wa na'urar a shekara biyar da rabi. Wato rigima na jawo waya, waya na ƙara rigima. Ƙari a kan haka, ranar da ya yi birgimar minti goma kika gaji kika mayar masa, ya koyi cewa birgimar minti goma ita ce kuɗin waya. Ba mugunta ba ce, wayo ne irin na yara, kuma kowane yaro yana da shi.

Cin abinci da katun ma haka. Yaron da ake ɗura wa loma idonsa na kan waya bai san ɗanɗanon abin da ya ci ba, bai kuma san sanda ya ƙoshi ba, baki kawai yake buɗewa. Ki zaunar da shi tare da ku, kwano a tsakiya, ba waya. In ya ƙi, ki ɗauke ba faɗa, kada kuma a bi shi da biskit ko lemon kwalba kafin lokacin ci na gaba. Yaro mai lafiya ba ya kashe kansa da yunwa. In dama ramamme ne ko yana da wata lalura, ki fara ganin likita kafin ki gwada wannan.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 shi ne: ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da yaro gaban kallo, daga shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a wuni, in ya gaza haka ya fi. Kiran bidiyo da kakarsa ko babansa in yana tafiya ba ya cikin wannan tsoro, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ma ta cire shi tun a shawarwarinta na 2016, domin a can ɗaya ɓangaren mutum ne yake amsa masa.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba, don ke da duk uwar da za ta karanta. Kada a ɗora wa waya komai. Yaron da ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya nuna abu da yatsa, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya haɗa ido da mutane, ko ya fara magana ta ɓace, a kai shi asibiti a duba jinsa da girmansa. Na ga yaran da aka yi shekara ana cewa waya ce, ashe kunne ne. Lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, tana da tushe mai ƙarfi a gado, kuma ɗauke waya kaɗai ba ya maye gurbin ganin ƙwararru da wuri. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen yara da za a fara daga nan. Buga kan da autanki ke yi, in lokacin fushi ne kawai, ki janye shi zuwa katifa ki zauna kusa da shi har ya huce. In yana yi ko ba a ɓata masa rai ba, ko yana ji wa kansa ciwo, ki kai shi.

Yarinyar kuma, rashin amsa kiran nan galibi ba raini ba ne. Manhajojin nan an ƙera su ne don kada a tashi. Bidiyo na ƙarewa wani ya kunna kansa, in kuma gajeru ne yatsa kawai za a ja, wani ya faɗo, ba a san mene ne ba sai an gani. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, kowa ya san an gama a tashi a kwanta. Wannan ba shi da ƙurunƙus. Sashen ƙwaƙwalwa da ke goshi, wanda ke taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Babba ma yana cewa minti biyar ya wayi gari ya ci awa guda, balle 'yar shekara tara. Saboda haka cewa "ki riƙa tashi da kanki" ɗora mata kayan da ba ta isa ɗauka ba ne. Burkin a hannunki yake.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa a kan irinta shi ne saurin dawowarsu. A 2014 masu bincike a Jami'ar California da ke Los Angeles sun gwada yara 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu da suka yi kwana biyar a wani sansani na daji ba waya ba talabijin. Bayan kwana biyar kacal sun fi takwarorinsu da suka zauna gida ƙaruwa wajen gane abin da ke ran mutum daga fuskarsa. Ƙaramin bincike ne, amma ya dace da abin da nake gani a aiki. Ki jawo ta jikinki da aiki. Tsintar shinkafa, yankan kuɓewa, ninke kaya, ko ki zaunar da ita tsakanin ƙafafunki kina mata kitso. 'Ya mace ta fi buɗe baki in hannunta na aiki kuma ba a tsare ta da ido ba. Kada ki fara da tambayar tuhuma, ki fara da labarinki na ƙuruciya.

Amma ki saurara da kyau. Yarinyar da ke da surutu ta yi tsit farat ɗaya, ina so a tabbata ba wani abu ne ya same ta ba: tsangwama a makaranta, wani abin tsoro ko na batsa da ta ci karo da shi, ko wani babba da ke mata magana ta waya ko a unguwa. Ki duba abin da take kallo, da waɗanda take magana da su. Facebook da Instagram da TikTok su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, don haka 'yar shekara tara ba ta da abin yi a can. In ta faɗa miki wani abu mai nauyi, ki riƙe fuskarki, kada ki yi ihu. Yadda kika karɓi na farko shi zai sa ta kawo miki na biyu.

Babban kuwa, a nan sai mun yi adalci. Ɗan shekara goma sha huɗu ya fara jan jiki daga iyaye yana son ɗakinsa da abokansa, wannan ya girmi waya. Mu ma mun ga yayyenmu maza sun koma zaure ko shagon samari a irin shekarun. Hujjar bincike a kan matasa ma ba ta kai ta ƙananan yara ƙarfi ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa fiye da 350,000, suka ga yawan amfani da na'urori shi kaɗai bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalarsu ba. Ma'anar wannan a wurina ita ce, a kan matashi ƙirga awa bai isa ba. Me yake yi a ciki, da wane lokaci, me kuma ya daina yi saboda ita? Wanda ke koyon gyaran waya ko sauraron karatu daban, wanda ke kwana yana jan bidiyo daban, wanda ya faɗa cacar ƙwallo ta intanet kuma wannan wata matsala ce mai zaman kanta.

Abin da na fi fara tambaya shi ne barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda wayarsa ke ƙarƙashin bargo har ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, a tashe shi asuba, ya tafi makaranta, ya dawo ya wuce Islamiyya, dole ya zama mai ɗaure fuska, mai saurin hasala, marar son magana. Hasken wayar na jinkirta sinadarin da ke sa jiki jin barci, abin da ake kallo kuma na hana zuciya kwanciya. Sau da yawa abin da iyaye ke kira canjin hali bashin barci ne, ana biyansa yaron ya dawo. Alamomin da ke nuna abin ya wuce haka su ne ya kasa dainawa ko ya yi niyya, ya fifita gem a kan karatu da abinci da sallah da abokai, ya ci gaba duk da yana ganin illar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan kamu da wasannin na'ura cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma galibi sai an ga alamomin sun ɗauki kusan shekara kafin a kira shi cuta. Yara kaɗan ne ke kaiwa nan. Ƙasashe ma sun fara sa hannu: a 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa uku a mako, majalisar Ostireliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta a Nuwamban 2024.

Wannan yaron aikin babansa ne fiye da naki. Ya riƙa fita da shi: kasuwa, masallaci, ɗaurin aure, gaisuwar rasuwa, duba marar lafiya. A can zai ga yadda manya ke gaisawa, yadda ake rage murya a gidan makoki, yadda ake ciniki. A ɗora masa wani nauyi na gidan da zai ji an ɗauke shi mutum. Maganar duba wayarsa kuma a faɗa masa a fili cewa za a riƙa dubawa, kada a yi masa leƙen asiri, in ya gano zai ƙara zurfafa ɓuya ne.

Yanzu ga maganar da ta fi wuyar faɗa, kuma ina faɗarta da girmamawa. Kin ba ni labarin wayoyin yara, ba ki ba ni labarin taki da ta maigida ba. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya yi gwajin da har yau ake nuna wa ɗalibai. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi 'yar ƙara don ya dawo da ita. In ya ga ba ta dawo ba sai ya kau da kai, jikinsa ya saki, ya fashe da kuka. Fuskar mai kallon waya kusan haka take ga yaro: ga ki a zaune, amma ba kya nan. A 2014 Jenny Radesky ɗin nan da abokanta sun zauna a gidajen cin abinci a Boston suna lura da manya 55 da suka zo da yara. Arba'in daga ciki sun ciro waya ana cikin ci, waɗanda suka fi nutsewa a ciki kuma su suka fi yi wa yaran tsawa in sun nemi a kula su.

Na ga irin wannan da idona. Wata rana ina tambayar wata baiwar Allah tarihin ɗanta ɗan shekara uku da ta ce ba ya jin magana. Saƙo ya shigo mata ta duƙa tana amsawa. Yaron ya ɗauko wata 'yar mota a cikin kayan wasan ofishina ya kawo mata, ya ce "Mama." Ba ta ɗago ba. Ya sake cewa "Mama, ga." Ta ce "uhm." Sai ya ajiye motar, ya sa hannuwansa biyu ya kama haɓarta ya juyo da fuskarta gare shi. Da ta ture hannun, ya ɗauki motar ya jefa bango. Ta dube ni ta ce, "Kin gani ko? Haka yake yi." Da na maimaita mata abin da ya faru daki-daki, hawaye ta yi. Uwa ce mai son ɗanta, ba ta dai taɓa ganin abin daga gefe ba. Talabijin da ake bari a kunne tun safe ko ba mai kallo ita ma tana rage maganar iyaye da yara, tana kuma yanka wa yaro wasansa gunduwa-gunduwa.

Maigidan yana da gaskiya a kan cewa sai an sa iyaka, kuma ki nuna masa kin yarda da wannan. Inda na saɓa da shi shi ne bulala. Duka na tsayar da abu a gabanka, ya koma bayan idonka. Babban zai ari wayar aboki, yarinyar za ta ƙara rufe bakinta, autan kuma da ake so ya koyi haɗiye fushi zai ga babba ma da hannu yake huce nasa. Sannan kusancin da kike kukan ya ɓace, duka ƙara nisanta shi yake yi.

Ku zauna ku biyu ku fara daidaita bakinku, sannan a tara yaran a faɗa musu. Ni da abu kaɗan nake ba da shawarar a fara, wanda za a iya riƙewa. Daga kiran magariba zuwa bayan isha'i a tara duk wayoyin gidan a faifai ɗaya, har da ta Baba, a kashe talabijin. Ba waya a wurin cin abinci. Da dare kuma a ɗakinku ake cajin kowace waya, ba mai kwana da ita. Autan a yanka masa lokaci ɗaya sananne a wuni, a sauke masa shiri guda ko biyu a kashe data don abin ya ƙare da kansa, a gaya masa saura kaɗan kafin ya ƙare, in da hali ki zauna ku kalla tare kina tambayarsa "wane ne wannan, me ya sa yake kuka?" Kada kuma a sake ba shi waya yana cikin kuka. Ki sani kwanakin farko rigimar ƙaruwa za ta yi kafin ta ragu, domin zai gwada ko tsohon kuɗin na nan yana ci. In kika sallama a rana ta uku, kin koya masa ya ƙara farashi. Ki sanar da kakarsu da 'yar aiki da ƙannenki masu zuwa gidan, don mutum ɗaya mai tausayi ya isa ya warware aikin mako guda. In kun riƙe wata guda cur ba ku ga sauyi ko kaɗan ba, ko wani cikinsu ya daina ci, ya daina barci, ko yana maganar gajiya da rayuwa, kada a jira, a ga likita.

Za su ce miki sun gaji, ba abin yi. Ki bar su da gajiyar, daga cikinta yaro ke ƙirƙiro wasa. Ki dai tabbata akwai abin taɓawa: ƙwallo, gwangwanaye, takarda da fensir, 'ya'yan carafke, da izinin fita tsakar gida ko ƙofar gida su haɗu da yaran maƙwabta. Daren farko da za ku shimfiɗa tabarma ba waya, zaman zai yi nauyi, kowa zai rasa abin cewa, har da ku manya. Ki fara da kacici-kacici, shi ya fi sauƙi. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka gemu na waje. In tatsuniyoyin sun kwanta miki, ki kira Hajiya Kaka da rana ta tuna miki da na Gizo da Ƙoƙi. Autan zai hau cinyarki, yarinyar za ta fara gardamar amsa. Babban mai yiwuwa ya zauna can gefe ya juya baya kamar ba ya ji. Kada ki kira shi, kada ki yi masa gori, ki dai bar masa wuri a bakin tabarmar.